Al-Ahram ta Masar: Yadda Gwamnati Ke Kashe Jarida Ba Tare Da Ta Rufe Ta Ba

Kamar kullum, ga rubutun shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, da waɗanda sabis ke yi wa wasan ɓuya, musamman 'yan'uwanmu na Zurmi da ƙauyukan Shinkafi. Allah Ya ƙara tsare mu baki ɗaya.

Yau tarihi za mu taɓa, kuma tafiyar da ɗan nisa. Masar za mu je, mu duba rayuwar wata jaridar Larabci mai fita kullum, sunanta Al-Ahram. Na san wani zai ce, mu da muke fama da hanyar Kaura zuwa Shinkafi, ina ruwanmu da jaridar Alƙahira? Ka ɗan yi haƙuri ɗan'uwa. Jaridar nan ta yi kimanin shekara 150 a duniya, kuma babu irin matsin da gwamnati ke yi wa 'yan jarida wanda ba ta ɗanɗana ba. An kulle mai ita, an dakatar da ita, an ƙone injinta, daga baya aka ƙwace ta gaba ɗaya. Abin da nake so mu gano tare shi ne, a cikin waɗannan duka wanne ne ya fi yi mata illa. Amsar tana da alaƙa da mu kai tsaye, kuma za mu dawo gida da ita.

To bismillah.

Wasu 'yan'uwa biyu ne suka kafa ta, Salim Takla da ƙanensa Bishara Takla. Ba 'yan Masar ba ne, Kiristoci ne daga Labanan da suka yi ƙaura zuwa birnin Iskandariyya. Sun samu lasisi a ƙarshen 1875, fitowar farko kuma ta kasance ranar 5 ga Agusta 1876. Don ku gane daɗewarta, shekara 27 ke nan kafin Turawa su ci Sakkwato, kuma fiye da shekara hamsin kafin jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929. Ma'anar Al-Ahram ita ce dalolin nan na Fir'aunoni. Da farko mako-mako take fita, ranar Asabar, sai a Janairun 1881 ta koma kullum. Cikin waɗanda suka yi mata rubutu tun farko akwai wani ɗalibin Azhar, Muhammad Abduh, wanda daga baya ya zama Muftin Masar.

Mai mulkin Masar a lokacin shi ne Isma'il, sarautarsa ana ce mata Khidiwi. Mutum ne mai son manyan ayyuka da manyan bukukuwa. A zamaninsa aka buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869, amma ya ciwo wa ƙasar bashin da ya fi ƙarfinta, har a 1875 ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar na mashigin. Wa zai biya bashin? Talaka manomi. Aka riƙa karɓar haraji da bulala. A 1879 gidan Takla suka buga rubutu kan zaluncin da ake yi wa manoma, Isma'il ya fusata, aka kama Bishara aka tsare. Bai daɗe ba ya fito. Daga nan 'yan'uwan suka shiga ƙarƙashin kariyar Faransa, domin a wancan zamani duk wanda ke da kariyar wata ƙasar Turai, hukumar Masar ba ta iya taɓa shi yadda ta ga dama.

Ku riƙe wannan wurin, domin ba na so mu mayar da kowa waliyyi. 'Yancin da Al-Ahram ta samu a farkon rayuwarta ba daga sama ya faɗo ba, ta jingina ne da wata babbar ƙasa don ta tsira daga wata hukuma. Shi ya sa lokacin da Ahmad Urabi ya jagoranci sojoji da talakawa suna neman Masar ta zama ta 'yan Masar, jaridar ba ta tsaya tare da su ba, ta fi karkata ga fada. A Yulin 1882 jiragen ruwan Birtaniya suka yi wa Iskandariyya luguden wuta, gari ya hargitse, gobara ta ci unguwanni, injin buga Al-Ahram ya ƙone. Bayan ƙura ta lafa suka sake ɗaura ɗamara suka ci gaba. Ingila ta mamaye Masar, jaridar kuma ta koma sukar mamayar, wanda hakan ya yi daidai da ra'ayin jama'a, ya kuma yi daidai da son ran Faransa. A 1884 gwamnati ta dakatar da ita na wata guda.

Yanzu ku lissafa. Cikin shekara takwas na farko an tsare mai ita, an ƙone injinta, an dakatar da ita. Shin ta mutu? Ko kusa. Duk dukan da aka yi mata sai ya ƙara mata kwarjini, domin mai karatu ya ga cewa mutanen nan suna biyan farashin abin da suke rubutawa. A 1899 ta koma Alƙahira. Salim ya rasu a 1892, Bishara a 1901, matarsa ta riƙe gidan har ɗansu Jibra'il ya girma ya karɓa. A hannunsa jaridar ta yi suna da abu guda, wato in ka karanta labari a Al-Ahram, to ka kama shi, ya faru. Ba ta cika zagi da hayaniyar jam'iyyu ba, ta zuba wakilai a manyan biranen duniya, manyan marubutan Larabci suna rububin su fito a shafinta. Har shafinta na sanarwar rasuwa ya zama abin da manyan gidaje ba sa wasa da shi, ana raha a Masar cewa wanda ba a buga mutuwarsa a Al-Ahram ba kamar bai mutu ba ne.

Sai juyin mulki ya zo. Ranar 23 ga Yuli 1952 matasan hafsoshin soja suka kifar da Sarki Faruk, cikin 'yan shekaru mulki ya tattara a hannun Jamal Abdul Nasir. A 1957 wani ɗan jarida mai suna Muhammad Hasanain Haikal ya zama babban editan Al-Ahram. Haikal gwani ne, wannan ko maƙiyansa sun yarda. Kuma aminin Nasir ne na ƙut da ƙut, irin wanda shugaban ƙasa ke kira ta waya da dare su yi ta hira.

Ranar 24 ga Mayu 1960 Nasir ya fitar da doka mai lamba 156. Ba a kira ta dokar ƙwace jaridu ba, an kira ta dokar tsara aikin jarida. Kun ji suna mai daɗi ko? Da wannan doka aka karɓe Al-Ahram daga iyalan Takla, aka karɓe Akhbar al-Yaum daga tagwayen nan Mustafa Amin da Ali Amin, aka haɗa da Dar al-Hilal da Ruz al-Yusuf, aka miƙa su ga ƙungiyar siyasa ɗaya tilo da gwamnati ta kafa. Hujjar ita ce wai an 'yantar da jarida daga hannun masu kuɗi an mayar da ita ga al'umma. To amma wa ke magana da yawun al'umma? Gwamnati. Wa ke naɗa edita? Gwamnati. Wa ke cire shi? Ita dai.

A nan labarin yake da ɗaure kai, domin bayan ƙwacen Al-Ahram ba ta lalace a ido ba, sai ma ta ƙara ƙyalli. Haikal ya tara mata manyan alƙaluma irin su Taufiƙ al-Hakim da Yusuf Idris da Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988. A 1968 ta tare a sabon gini mai hawa da yawa a titin Jala, aka kafa mata cibiyar nazarin siyasa. Rubutun da Haikal ke yi duk Juma'a, mai suna Bisaraha, jakadun ƙasashen duniya suna jiran sa kamar yadda ake jiran ganin wata, domin kowa ya san abin da ke cikinsa shi ne abin da ke zuciyar Nasir. Wani lokaci jaridar takan soki jami'an leƙen asiri ko wasu ministoci, abin da sauran jaridu ba su isa ba. Amma ku lura da kyau, wannan damar ba doka ce ta ba ta ba, ba kuma masu karatu ba. Abotar mutum ɗaya ce da mutum ɗaya. A wannan zamanin ne, a 1965, aka kama Mustafa Amin aka jefa shi kurkuku, bai fito ba sai 1974.

Ranar jarrabawa ta zo a 5 ga Yuni 1967. Da safiyar ranar, cikin 'yan sa'o'i, Isra'ila ta ragargaza mafi yawan jiragen yaƙin Masar tun suna ƙasa ba su tashi ba. Me aka gaya wa 'yan Masar? Rediyon Sautul Arab yana ta shelar an kakkaɓo jiragen abokan gaba da dama, jaridu, har da Al-Ahram, suna buga sanarwar rundunar soja yadda aka ba su. Mutane suna murna a titi alhali 'ya'yansu suna gudu cikin hamadar Sina'i ba ruwa ba takalmi. Wanda ke son sanin gaskiya sai ya murɗa akwatinsa ya kamo BBC a ɓoye. Ranar 9 ga wata Nasir ya fito ya yi jawabin murabus, Haikal ne ya rubuta jawabin, kuma maimakon a ce an sha kashi sai aka zaɓi kalmar naksa, wato ɗan koma baya. Ramin ƙarya ƙurarre ne jama'a. Daga wannan makon ɗan Masar ya koyi wani darasi da bai manta ba: in abu ya yi tsanani, kada ka tambayi jaridar gida.

Nasir ya rasu a 1970, Anwar Sadat ya hau. Bayan yaƙin Oktoban 1973 Haikal ya fara sukar yadda Sadat ke rungumar Amurka. A Fabrairun 1974 Sadat ya cire shi da sanarwa guda. Shekara goma sha bakwai yana kan kujera, mutumin da duniya ke jiran alƙalaminsa, aka ɗauke shi kamar an cire hula. A Satumban 1981 kuma, da Sadat ya sa aka kame mutum fiye da 1,500 na 'yan adawa da malamai da fastoci da marubuta, Haikal na cikinsu. Wata guda bayan haka aka harbe Sadat. Ka ga wanda ya gina darajarsa a kan kusanci da fada, ran da fada ta juya masa baya ba shi da inda zai dafa.

Zamanin Husni Mubarak abin ya zama al'ada. Majalisar Shura, wadda jam'iyya mai mulki ta cika, ita ke naɗa shugabannin jaridun gwamnati. Ibrahim Nafi ya riƙe Al-Ahram daga 1979 har 2005. Ba a bukatar ɗan sanda ya tsaya a kan edita da jan biro, edita ya san iyakarsa da kansa. Hoton shugaba a shafin farko, ziyarar shugaba, hikimar shugaba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ga wani abin dariya mai ban takaici. A Satumban 2010 an yi taron sulhun Falasɗinu da Isra'ila a fadar White House. Aka ɗauki hoton shugabanni biyar suna tafiya a kan jar darduma: Obama a gaba, sai Netanyahu da Mahmud Abbas da Sarki Abdullah na Jodan, Mubarak kuma yana gefe ɗan baya. Da Al-Ahram ta tashi buga hoton sai aka yi masa aiki da kwamfuta, aka ɗauko Mubarak aka sa shi a gaba yana jan tawaga. Wani mai rubutu a intanet, Wa'il Khalil, ya ajiye hoton asali kusa da na jabu, duniya ta yi ta dariya. Editan lokacin, Usama Saraya, bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi hoton yana bayyana matsayin Masar ne.

Wata huɗu bayan haka, ranar 25 ga Janairu 2011, dubban matasa suka cika dandalin Tahrir. Washegari babban labarin Al-Ahram a kan zanga-zangar da ake yi a Labanan ne. Wuta na ci a tsakar gidanka, kana ba da labarin hayaƙin maƙwabta. Ana tsakiyar rikicin ta buga cewa miliyoyi sun fito goyon bayan Mubarak. Ranar 11 ga Fabrairu Mubarak ya sauka, washegari jaridar nan dai ta fito da babban kanu cewa al'umma ta kifar da gwamnati. Ba a canza ginin ba, ba a canza injin ba, iska ce kawai ta juya. Matasan da ke dandalin kuwa tuni sun koma Facebook da Twitter da jaridu masu zaman kansu irin su Al-Masry Al-Youm da aka kafa a 2004.

Har gobe Al-Ahram tana fitowa. Akwai ƙwararrun 'yan jarida a cikinta, kuma rumbunta na tsofaffin fitowa taska ce ga duk mai binciken tarihin Larabawa. Amma hukumar gwamnati ce ke naɗa shugabanninta, bashi ya yi mata katutu, masu saye sun ragu ƙwarai. Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan. Kurkuku bai kashe ta ba, gobara ba ta kashe ta ba, dakatarwa ba ta kashe ta ba. Abin da ya cinye ta shi ne ranar da gwamnati ta rungume ta, ta zama ita ke ba ta ci da sha. Jarida ba takarda ba ce, ba gini ba ce, yarda ce tsakaninta da mai karatu. In yardar ta tafi, ko ana buga kwafi miliyan, ƙunshin ƙosai ake bugawa.

To mu dawo gida, domin mu ma muna da namu.

Jaridarmu ta Hausa mafi shahara, Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta na Hausa. Ita tun haihuwarta a hannun hukuma take, gwamnatin Turawa ce ta kafa ta ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu. Imam ya yi ƙoƙari matuƙa wajen shigar da koken talakawa, amma akwai layin da ba a tsallakewa, shi ya sa 'yan NEPU suka fi samun bakin magana a jaridar Comet da ake bugawa a Kano. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta fitar da ƙananan jaridu na larduna, ta lardin Sakkwato, wanda Kaura da Shinkafi da Zurmi ke cikinsa a lokacin, sunanta Zaruma. A Janairun 1966 aka kafa New Nigerian a Kaduna, kuma a zamanin editoci irin su Adamu Ciroma da Mamman Daura ta yi kwarjinin da har gwamnatin soja ke shakkar sharhinta. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times ta Legas. Kun ga kamar dokar Nasir ta 1960 ko? Ƙarshenta dai kun sani, aka yi ta jan ƙafa, ma'aikata na bin bashin albashi, har injin ya yi shiru, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bi ta.

A Kano kuma Gwamna Abubakar Rimi ya kafa kamfanin Triumph a 1980. Su ne ke buga Albishir da boko, da Alfijir da ajami, wato Hausa da haruffan Larabci, jaridar da malamin zaure da almajiri da tsohon da bai shiga boko ba za su iya karantawa. A tarzomar 10 ga Yuli 1981, ranar da aka kashe Dokta Bala Muhammad, an cinna wa ofishin Triumph wuta. Ta tashi ta ci gaba. Amma a Oktoban 2012 gwamnatin jihar da ta mallake ta ta rufe kamfanin. Wuta ba ta kashe ta ba, mai ita ne ya juya makulli. Labarin Al-Ahram ne sak, da harshenmu.

Ba wai sanda ba ta aiki a nan ba ne, tana yi. Dokar Soja ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian kurkuku. An kashe Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. A Disambar 2012 jami'an tsaro sun kama Musa Muhammad Awwal da Aliyu Saleh na jaridar Al-Mizan. Ranar 6 ga Janairu 2019 sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja. Amma ku duba, Guardian tana nan, Daily Trust tana nan. Waɗanda aka doka sun rayu, waɗanda aka goya su ne suka mutu.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labari ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi mutum bai san halin da ɗan'uwansa ke ciki a gari na gaba ba, in an kai hari ƙauye sai wanda ya tsira ya iso da ƙafa kafin a ji. A Agustan 2022 hukumar NBC ta ci gidan talabijin na Trust TV tarar naira miliyan biyar saboda shirin da ya yi kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna shirin BBC kan Zamfara. A Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara. Ranar 15 ga Oktoba 2022 gwamnatin jiha a lokacin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu kafofi a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji TV da Al'umma TV, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa bayan an hana tarukan siyasa. Da aka yi ca a kai, cikin 'yan kwanaki aka janye aka ba da haƙuri.

Bari in yi adalci. Masu mulki suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa ana yaƙi, kuma ɗan jaridar da ya miƙa wa ɗan bindiga makirufo yana ƙara masa girma, wanda ya fallasa motsin sojoji kuma yana iya jawo asarar rai. Wannan gaskiya ne, akwai abin da bai kamata a buga ba ana tsakiyar farmaki. Amma ɓoye motsin soja daban, ɓoye gawar talaka daban. In an kashe mutum ashirin a ƙauye aka ce biyu ne, ba ɗan bindiga aka ɓoye wa ba, shi ya san adadin da ya kashe, ba kuma mutanen ƙauyen ba, su suka yi jana'iza. Abin da aka yi kawai shi ne an koya wa mutanen nan cewa sanarwar hukuma ba abin kamawa ba ce. Ran da hukuma za ta faɗi gaskiya, ta ce kada a bi hanya kaza yau, ko ta ce a fito rigakafi, wa zai saurara? Shi ya sa yau in Bello Turji ya saki bidiyo, kafin la'asar ya zagaye wayoyin Shinkafi, har wasu suna auna maganarsa da ta hukuma su ga wa ya fi faɗin gaskiya. Wallahi wannan abin kunya ne gare mu duka, kuma irin abin da ya faru da ɗan Masar a 1967 ne, sai dai shi BBC ya kamo, mu kuwa saƙon murya na WhatsApp muke kamowa wanda ba mu san wa ya naɗe shi ba.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanmu, mu matasa. A yau ba a bukatar doka mai lamba 156 kafin a ƙwace bakin jama'a. Waya ce ake saya maka, a riƙa turo maka data da ɗan abin shan ruwa duk wata, a ba ka muƙamin mataimaki na musamman kan kafofin sada zumunta. Shi ke nan ka zama ƙaramar Al-Ahram. An sace mutane a garinku, kai kana ɗora hoton maigida yana yanka kyalle. Wanda ya yi magana ka ce ɗan adawa ne. In gwamnati ta canza, masu yabo su koma zagi, masu zagi su koma yabo, kamar kanun ranar 12 ga Fabrairu. Kuma wannan ba ciwon jam'iyya ɗaya ba ne, duk wadda ta hau tana da nata sojojin baka. Na san talauci gaskiya ne, na san da yawanmu mun gama karatu ba aikin yi, ba na zagin kowa. Amma ka tuna Haikal. Ya fi ka alƙalami, ya fi ka kusanci da fada, kuma da takarda guda aka sallame shi.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. In ka ga labari, tambayi kanka wa ke ciyar da wanda ya rubuta shi. In za ka ba da labarin hari, faɗi sunan gari da rana da abin da ka tabbatar, abin da ba ka tabbatar ba ka bar shi, domin ƙarin gishiri ma ƙarya ce, kuma ita ce ke ba masu musu ƙofa. Kada ka yaɗa bidiyon ɗan bindiga don neman mabiya. In an kama ɗan jarida ko an rufe gidan rediyo, ko ba ka son ra'ayinsu ka yi magana, ai mun ga a 2022 cewa surutun jama'a yana sa a buɗe ƙofa. In kuma akwai wata kafa da ka ga tana faɗin gaskiya ko da ta taɓa naka, ka taimake ta da abin da kake iyawa, ko talla ce ta shagonka, domin kafar da masu saurare ba su ciyar da ita ba, wani zai ciyar da ita, kuma shi za ta yi wa aski.

A nan za mu dakata. Wanda ya san wani dattijo a Kaura ko Zurmi ko Shinkafi da ke ajiye da tsofaffin kwafin Zaruma ko Alfijir ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, don Allah a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu, tarihinmu ne. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan wa ta faɗa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.